Ƙurar Katako da Ciwon Daji na Hanci

A wannan fitowa za mu bar zancen gona kaɗan, mu leƙa rumfar kafinta da ta baduku. Da yawa daga cikinmu manoma ne da damina, masu sana'a da rani. Wanda bai taɓa riƙe zarto da hannunsa ba, yana da ɗa ko ƙane da ya kai birni koyon aiki. Saboda haka zancen ya shafe mu duka.

Ga abin da ya sa na ɗauko shi. Shekarun baya, cikin rangadin da nake yi na duba azuzuwan yaƙi da jahilci, akwai wani aji da ake yi da dare a rumfar wani tsohon kafinta. Shi ya ba da wurin, shi ya haɗa mana benci huɗu da allo, bai karɓi ko dala ba. Duk ranar da na je, kafin a fara karatu sai an kakkaɓe benci an goge allo, domin wata jar ƙura mai laushi ta rufe komai. Ko littafin ɗalibi ka buɗe, sai ka iske ta a tsakanin shafuka. A lokacin dattijon ya riga ya bar aiki, ya danƙa wa babban ɗansa rumfar. Sai dai ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa yana sauraron karatu.

Wani dare na ji muryarsa ta sauya, yana magana kamar an toshe masa hanci. Na ce: «Baba, yaya jiki? Har yanzu murar ce?» Ya ce: «Malam, wannan mura ta sami wurin zama. Kuma kafar hagu kaɗai ta kama, ta dama lafiya lau. Wani lokaci in na fyace sai in ga ɗan jini.» Na yi masa sannu, na ce hunturu ne, in iska ta kwanta zai ji sauƙi. Na wuce na shiga duba rajistar aji. Har yau wannan amsa tawa tana damuna.

Hunturu ya wuce, bazara ta wuce, damina ta sauka, hanci bai buɗe ba. An yi turare, an yi shaƙe, an sha ƙwayoyin mura na masu tebur. Sai da idonsa na hagu ya fara zubar da hawaye ya turo waje, sannan aka ɗauke shi zuwa asibitin birni, daga nan aka tura su Yamai. Likita ya ce ciwon daji ne, wanda wasu ke kira sankara, kuma ya riga ya ci ƙashi ya kai ga ido. Dattijon ya koma gida, bai ga kakar shekarar ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar bakwai ɗansa ya ja ni gefe. Ya ce: «Malam, abu guda ya ɗaure mini kai. Likitan nan, kafin ya duba Baba, tambayarsa ta farko ita ce: wace sana'a yake yi, kuma shekara nawa ya yi a cikinta? Da muka ce katako, sai ya gyaɗa kai. Me ya haɗa katako da ciwon Baba, mutumin da ya shekara takwas bai taɓa zarto ba?» Ran nan ban iya ba shi amsa ba. Amsar ce na kawo yau.

Yadda hanci yake daga ciki

Hancin da muke gani a fuska ƙofa ce kawai. Bayanta akwai zaure mai zurfi da ya miƙe har maƙogwaro, an raba shi biyu da bango, dama da hagu. Kewaye da wannan zaure, ƙasusuwan fuska ba cike suke ba, suna da koguna masu iska a ciki. Mafi girmansu yana cikin kunci, ƙarƙashin ido, bisa haƙoran sama. Akwai na goshi. Akwai wasu ƙanana da yawa a tsakanin idanu, jere kamar saƙar zuma. Akwai kuma wani can ciki, a tsakiyar kai. Kowanne yana da ƴar kafa da ta haɗa shi da hanci. Ƙashin da ya raba ƙananan kogunan nan da ido siriri ne ƙwarai, har likitoci na kwatanta shi da takarda. Rufin da ya raba su da ƙwaƙwalwa ma ba shi da kauri. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

A yini da kwana guda, babban mutum yana shaƙar iska wajen lita 10.000, wato cikin ganga 50 mai lita 200. Mai aikin ƙarfi ya fi haka. Aikin hanci shi ne ya ɗumama wannan iska, ya jiƙa ta, ya tace ta kafin ta sauka ga huhu. Majina ce ke kama ƙurar. Ƙarƙashin majinar kuma akwai wasu ƴan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana, suna tura majinar baya zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba. Ga mai lafiya, cikin kamar minti 15 ƙurar da ta shiga ta bar hanci.

To, ƙurar katako tana gajiyar da waɗannan ƴan gashi. An gwada masu aikin kujeru da gadaje, an iske sharar hancin da yawa daga cikinsu ta yi sanyi ƙwarai. Ƙura sai ta daɗe kwance a wuri guda, can sama wajen tsakanin idanu, tana cin fatar wurin. Yau haka, gobe haka, shekara da shekaru. A hankali fatar ta sauya kama. Ga wasu mutane kaɗan, wata rana sai wani tsiro ya fito wanda ba ya daina girma. Shi ne ciwon daji. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a sa wa wani, kuma ba jifa ba ne.

Kada kowa ya firgita. Wannan ciwo ba shi da yawa. A galibin ƙasashe, cikin mutum 100.000 da wuya ya kama fiye da mutum guda a shekara, kuma ya fi kama maza da suka haura 50. Kafintoci da yawa suna tsufa lafiya ba su gamu da shi ba. Amma in aka tara waɗanda ya kama aka tambaye su sana'arsu, sai a ga abin mamaki.

Garin masu kujeru

A ƙasar Ingila, tsakanin London da Okisfod, akwai wani gari da ake kira Hai Wikam. Ya yi suna wajen yin kujeru, domin dazukan da ke kewaye da shi cike suke da wani itace mai tauri. Wata likitar kunne da hanci da maƙogwaro, mai suna Esme Hadfield, ta lura cewa wani irin ciwon daji na hanci, wanda likita kan yi shekaru bai ga guda ba, yana ta zuwa mata daga garin nan. A 1965 wani babban likita na Okisfod, Ronald Macbeth, ya ba da labarin a rubuce. Cikin marasa lafiya 20 na garin, 17 maza ne. Cikin mazan 17 kuwa, 15 masu aikin kujeru ne. A 1968 aka yi ƙidaya mai zurfi a yankin, aka iske wannan irin ciwo yana kama masu aikin katako fiye da sauran jama'a ninkin-ba-ninkin, har sau ɗaruruwa.

Da labari ya bazu, likitocin Faransa da Italiya da Jamus da Danmak suka koma ga takardun marasa lafiyarsu. Abin da aka gani a Ingila shi suka gani. Tun 1981 dokar Faransa ta sa wannan ciwo cikin jerin cututtukan sana'a, wato in ya kama ma'aikacin katako, asusun ma'aikata ne ke biyan magani da diyya. A 1995 cibiyar binciken ciwon daji da ke birnin Liyon, wadda take ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yanke hukunci: ƙurar katako tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Itace mai tauri ya fi laifi, amma hukuncin bai ware farin katako ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a binciken nan shi ne lokaci. Ciwon ba ya fitowa shekarar da aka shaƙi ƙura. Daga ranar da mutum ya fara aiki zuwa ranar da ciwo ya bayyana, galibi akan yi wajen shekara 40. Da wuya ya kasa 20. Kuma barin aiki ba ya goge abin da ya wuce. Wannan ce amsar tambayar ɗan dattijo. Babu likitan da zai rantse cewa ƙura ce ta kashe wane, domin ciwon yakan kama wanda bai taɓa shiga rumfar kafinta ba. Amma mutumin da ya yi fiye da shekara 30 cikin jar ƙura, likita yana da hujjar gyaɗa kai.

Gizago da inji ba ɗaya ba ne

Wani zai ce: «Ai kakanninmu masassaƙa ne. Sun sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da ƙota, ba mu ji wannan ba.» Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Gizago da gatari ɓarɓashi suke fitarwa, ya faɗi ƙasa, mata su kwashe su hura wuta. Masassaƙi kuma a fili yake aiki, gindin itace. Inji kuwa niƙa katako yake yi. Injin tsagawa, injin fira, da uwa uba injin guga, suna mayar da katako gari mai laushi wanda yake tashi ya tsaya cikin iska tsawon lokaci. Wanda ido ke gani shi ne kaɗan. In rana ta shigo ta hudar kwano, ku dubi hasken, za ku ga sauran suna yawo.

A ƴan shekarun nan injuna sun cika garuruwanmu. Wanda ya bi ta kasuwar Katako a Yamai, ko unguwannin kafintoci na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, ya ji kukansu. Inda babu lantarki ma, ƙaramin injin wuta ya isa. Katakon kuwa daga kurmi manyan motoci ke kawo shi, ta Najeriya da sauran ƙasashen gaɓar teku. Jan katako da ake yin ƙofa da gadon amarya da shi, irin su iroko da dangin maɗaci, itace ne mai tauri. Ƙurar iroko da ta farin katako samba kuma an san su da tayar da asma da ƙaiƙayin fata, waɗannan ba sa jiran shekara 40.

Yanzu mu tambayi kanmu: a cikin rumfa, wa ke yin guga? Wa ke shara da maraice? Wa ke kwana a ciki yana gadin kaya, bisa buhun garin katako? Ba maigida ba ne. Yaron aiki ne, ɗan shekara 12 ko 14, wanda ubansa ya kawo daga ƙauye ya ce: «Ga amana.» Aikin da ya fi kowane ƙura shi ake ba wanda ya fi kowa ƙanƙanta, domin ba ya bukatar gwaninta. In yaro ya fara yana da 12, shekara 40 za ta cika yana da 52. Lokacin nan yana da mata da ƴaƴa, shi ne ginshiƙin gida, maigidan da ya koya masa aiki kuwa wataƙila ya daɗe a kabari. Babu wanda zai tuna da tsintsiyar da ya riƙe yana yaro.

A ganina wannan shi ne wurin da nauyi yake. Ma'aikacin kamfani da aka rubuta sunansa a asusun ma'aikata na CNSS yana da wata madogara in sana'a ta cuce shi. Yaron rumfar bakin hanya ba shi da takarda, ba shi da asusu. Maigidansa ne kaɗai dokarsa. Ban ce masu gida mugaye ba ne. Dattijon da na ba ku labarinsa mutumin kirki ne, shi ma haka aka koya masa, kuma shi ya fara biya. Rashin sani ne. Amma wanda ya karanta wannan shafi, ko aka karanta masa, ya fita daga cikin marasa sani.

Ƙurar fata

Bayan katako sai fata. A 1970 aka gano irin wannan ciwo ga masu yin takalma a yankin Nozamtan na Ingila, daga baya kuma a Italiya. Ba dukan ma'aikata ya fi kamawa ba. Waɗanda ke yanka kirgi mai kauri na tafin takalmi da dunduniya, suna goge gefensa da inji, su ne abin ya fi shafa. Kirgin nan da ɓawon itatuwa ake jeme shi, jima ce dangin tamu ta bagaruwa. Yau ƙurar fata ma tana cikin jerin da aka tabbatar.

Mu ƙasar fata ce. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙetare, majemar Damagaram kuma tsohuwa ce. Majemi da ke aiki da jiƙaƙƙiyar fata cikin ruwan toka da bagaruwa yana da nasa wahalhalu, amma ba ƙura ba ce babbar damuwarsa. Baduku mai wuƙa da basilla, zaune a fili, shi ma ƙurarsa kaɗan ce. Wanda ya kamata ya kula shi ne mai takalma da ya ɗaura dutsen guga a kan inji cikin ƙaramin shago, yana gyara gefen tafin takalmi fuskarsa dab da dutsen. In ya tashi da maraice ya fyace hanci ya ga launin fatar da ya goga, to, ya san inda ƙurar ta kwana.

Sauran abubuwa, a gajarce

Ƙarfen nikel yana cikin jerin. Tun wajen 1930 aka ga ciwon dajin hanci ga ma'aikatan wata matatar nikel a yankin Wales na Birtaniya. Mu ba mu da irin wannan matata, amma mai walda da ke ƙona farin ƙarfe mara tsatsa yana shaƙar hayaƙi mai nikel da kurom. Shi kurom ana zarginsa da ƙarfi, haka nan aikin manyan masaƙu, haka nan ruwan formol. Formol ɗin nan, ban da asibiti, yana cikin gam ɗin da ake manna katako falle-falle da shi, da wanda ake matse garin katako ya zama allo. Kafintan da ke tsaga irin wannan allo ya haɗa biyu ke nan.

Sai taba. Shan sigari an tabbatar yana haddasa ciwon daji a hanci da kogunansa, ban da huhu da maƙogwaro da baki. Hayaƙinta ma yana raunana ƴan gashin nan masu shara. Kafinta mai shan sigari kamar mai gona ne da ya kori ƴan ƙwadago alhali ciyawa na ƙaruwa. Dokar yaƙi da taba ta 2006 ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki, kuma rumfa mai garin katako ko don tsoron gobara ta isa a hana. Game da asara da ake shaƙawa, likitocin Afirka ta Kudu sun lura tun shekarun 1950 cewa ciwon dajin kogon kunci ya yawaita ga mutanen karkara masu shaƙar garin taba da aka haɗa da toka. Taba gari da ake cusawa a baki da kanwa kuwa, laifinta a baki da maƙoshi tabbatacce ne.

Manomi zai tambaya: ƙurar sussuka fa, da ta shiƙa, da garin injin niƙa, da ƙurar hunturu? Waɗannan ba sa cikin jerin masu haddasa ciwon dajin hanci. Laifinsu tari ne da asma da ciwon ido. Hayaƙin icen girki ma huhu da ido ya fi cuta. A kiyaye su, amma kada mai sussuka ta kwana da tsoron abin da ba nata ba.

Murar da ba mura ba ce

Mura ta gaskiya takan kama kafofin hanci biyu, ko ta riƙa sauyawa daga wannan zuwa waccan, kuma cikin mako guda ko biyu ta tafi. Haɓo ma a lokacin hunturu da zafin bazara abu ne da aka saba, musamman ga yara. Abin dubawa shi ne gefe guda. Kafa guda ta toshe, kullum ita ce, an yi wata guda ko fiye ba ta buɗe ba. Majina mai ratsin jini ko mai wari tana fita daga kafar nan dai. Mutum ya daina jin ƙanshi. Kunci guda ya yi nauyi, ko ya mutu kamar an ɗaure shi. Haƙoran sama na gefe guda su fara girgiɗa ba dalili. Ido guda ya riƙa hawaye, ko ya turo, ko a riƙa ganin abu biyu-biyu. Ku tuna da ƙashin nan mai kama da takarda: in alama ta kai ga ido, ciwo ya riga ya ƙetare bango. Kada a jira wannan.

Ba kowane toshewar gefe guda ne ciwon daji ba, mafi yawa ma ba shi ba ne. Wani bangon hancinsa ne ya karkace. Wani tsiro ne mara illa. Ƙaramin yaro mai majina mai wari a kafa guda, sau da yawa ƙwayar wake ko dutse ya cusa. Amma dubawa ce kaɗai ke rarrabewa. Kuma ina roƙo: in an hango wata tsoka cikin hanci, kada a kai wa wanzami ya yanke, kada a yi sakiya. Jini zai zuba, tushen yana can ciki, lokaci kuma yana tafiya.

A fara da gidan likita mafi kusa. A faɗa wa majo abu uku, ko bai tambaya ba: gefe guda ne, ya yi wata kaza, kuma na yi aikin katako, ko na fata, shekara kaza, ko da na bari tuntuni. In an ba da magani an sha, mako biyu ko uku ba sauƙi, a koma a nemi takardar zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibiti. Shi zai leƙa da wani siririn madubi mai fitila, ya sa a ɗauki hoton cikin kai, ya tsinko ɗan nama a auna. Maganin ciwon shi ne aiki, wato a cire shi, sau da yawa a bi da gashi na haske. A da, mai bukatar gashin nan sai ya fita waje. Tun 2021 ana yin sa a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. In an kama ciwon yana ƙarami, bai fita daga hanci ba, ana warkewa. In ya kai ido ko ƙwaƙwalwa, aiki ya yi wuya ƙwarai, kuɗi kuma su ninka.

Abin da rumfa za ta iya tun gobe

Manyan masana'antu suna da bututu da ke zuƙe ƙura tun daga bakin inji. Wannan shi ne mafi kyau, kuma ƙungiyar kafintoci da ta haɗa kuɗi ta sayi babban inji, ya kamata ta sa kuɗin mazuƙin cikin lissafi. Ƙaramin injin guga ma da yawa yakan zo da ƴar jakarsa ta tara ƙura. Na sha ganin an cire ta an jefar, wai tana hana sauri. A mayar da ita.

Sauran ba sa cin kuɗi. A fitar da guga waje, mai yi ya ba iska baya, don ta ɗauke ƙurar daga fuskarsa, kuma kada ta kai wa maƙwabci. Rumfa ta kasance buɗe ta gefe biyu. Kafin shara a yayyafa ruwa, domin busasshiyar tsintsiya tana tayar da ƙurar yini guda gaba ɗaya ta mayar da ita hancin mai shara. Kada a hure ƙura daga kan katako ko riga da baki ko da injin iska, jiƙaƙƙen tsumma ya isa. A riƙa wasa zarto da wuƙar inji, domin dakusasshen baki ya fi niƙa gari. Kada a ci abinci a ciki. Kada yaro ya kwana a ciki. Rigar aiki ta tsaya a wurin aiki, kada a kai ta ɗaki a kakkaɓe kan jariri. Masu kiwon kaji da ke zuwa sayen garin katako don shimfiɗa, su ma su ɗura buhu a waje.

Sai takunkumi. Rawani ko ƙyalle yana tare manyan ɓarɓashi, mai laushin kuwa yana ratsa shi. Shuɗin takunkumin da muka saba da shi tun annobar korona ta 2020 ma yana barin iska ta gefen kunci. Wanda aka yi don ƙura yana da ɗan ƙarfe da ake lanƙwasawa bisa karan hanci, kuma an rubuta FFP2 ko N95 a jikinsa. Ga amfanin karatu: ku duba rubutun da idonku kafin ku biya. Dole ya manne da fuska. Mai gemu ya sani cewa gashi yana buɗe wa ƙura hanya. In ya yi datti ko numfashi ya yi nauyi, a sake wani. Na san cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, ba mai iya yini da shi. To, a sa shi lokacin guga da tsagawa da shara, a yi waɗannan ayyuka da sanyin safiya in da hali.

Malaman azuzuwa, ga aiki na ba ku. Wannan mako kowane ɗalibi ya rubuta a takarda da hannunsa: sana'o'in da ya yi tun yana yaro, shekarar da ya fara, da shekarar da ya bari. Wanda bai san shekarar ba, a taimaka masa da lissafi. Ya naɗe takardar cikin karnensa na asibiti.

Kwanan baya na koma rumfar da na ba ku labari. Ɗan marigayi ya fitar da teburin guga gindin dogon yaro, ya ajiye buta don yayyafi. Yaransa uku yanzu a zauren gidansa suke kwana. Takunkumi ne har yanzu ake fama. Na iske biyu sun sa, na ukun ya sauke nasa a haɓa yana guga yana waƙa, da ya hango maigida sai ya ja shi sama. Shi maigidan ya nuna mini takardarsa, ya rubuta: katako, shekara 26. Ya ce in an gama aikin gadajen bikin bayan salla zai je birni a duba masa hanci, ko da yake ba ya jin komai. Na ce masa ranar zan zo mu tafi tare.